Gurara, Matsirga ko Farin Ruwa: wacce ta dace da mai tashi daga Zariya?

Duk wanda ya yi karatu a Barewa ko a Jami'ar Ahmadu Bello yana da abokai da aiki ya watsa su zuwa Suleja, Kafanchan, Jos da Akwanga, kuma da yawanmu mun daɗe muna yi musu alkawarin ziyara ba mu cika ba. Da yake kowane ɗaya daga cikin garuruwan nan yana da magangarar ruwa a kusa da shi, ana iya haɗa zumunci da buɗe ido a tafiya guda, muddin an auna nisa da lokaci da aljihu kafin a nufi tashar Kwangila.

Gurara, wadda ke Jihar Neja, ita ce ta fi suna, kuma a ganina ita ta fi dacewa da mai tafiya da iyali. Tsayinta kamar mita 30 ne, amma faɗinta ne abin kallo, domin a tsakiyar damina ruwan yakan rufe duwatsun baki ɗaya, ya yi jajawur da laka, rugugin kuma ya kai ga sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Daga Suleja ake ɗaukar hanyar Minna sannan a ratse, saboda haka wanda abokinsa ke Suleja ya riga ya sami masauki. Bazazzage ma ba baƙo ba ne a can, tunda sarakunan Haɓe da suka bar Zariya bayan jihadi ne suka kafa garin, har yau kuma Sarkin Zazzau Suleja ake kiran mai sarautar. Wanda ba ya son dogon zama a mota yana iya zuwa Kaduna ya hau jirgin ƙasa a Rigasa, layin da aka buɗe a 2016, ya sauka a Kubwa, sai dai lissafinsa ya haɗa da kuɗin motar da za ta kai shi tashar da wadda za ta ɗauke shi.

Matsirga tana cikin jiharmu ta Kaduna, dab da Kafanchan, ruwanta kuma daga duwatsun Kagoro yake fitowa. Ba ta kai Gurara faɗi ba, amma ana matsawa kusa da ita ƙwarai, har feshin ruwan ya jiƙa maka hula da tabarau. Matsalarta ita ce babu tanadin masu yawon buɗe ido na a zo a gani, don haka sai da ɗan gari, wanda shi ne ma dalilin da ya sa ta dace da mai aboki a Kafanchan. Na taɓa zuwa da takalmin fata mai santsin ƙasa, sai abokina ya dube ni ya ce, "Malam, da wannan za ka taka dutse mai gansakuka?" Ƙarshenta silifas ɗin ƙanensa na ara.

Farin Ruwa, a ƙaramar hukumar Wamba ta Jihar Nasarawa, wadda ake zuwa ta Akwanga, ta fi su duka tsayi nesa ba kusa ba, domin ana ƙiyasta ta da kimanin mita 150. Amma hanyar shiga tana wahalar da ƙaramar mota, musamman bayan ruwan sama, kuma akwai tafiyar ƙafa a ƙarshe. Ba zan ba dattijo ko mai goyo shawarar ta ba. Mai aboki a Jos kuwa, wanda zai bi ta Pambeguwa da Saminaka, magangarar Assop da ke gindin Hawan Kibo ta ishe shi, tunda ba ta da nisa da bakin titi.

Batun abin hawa shi ne inda ake yawan yin kuskure. Motar haya ta fi arha, amma a cikin gari take sauke ka, ragowar tafiyar kuma sai ka yi ciniki da ɗan acaɓa, wanda ya kamata ku daidaita kan zuwa da jira da dawowa tun kafin ka hau. Idan kun kai mutum huɗu, ɗaukar shata ku raba kuɗin yakan fi sauƙi, a kuma fayyace wa direba wanda zai sayi mai da wanda zai biya kuɗin shiga.

Mai son ganin ruwa a ƙarfinsa ya je tsakanin Yuli da Satumba, ya tsaya daga nesa, kada ya yarda yaro ya kusanci baki. Mai son sauka ƙasa ya zauna kan duwatsu ya jira Disamba zuwa Fabrairu. Ko wanne aka zaɓa, a kira abokin kwana biyu kafin tashi a tambaye shi halin tsaron hanyar, a fita bayan sallar asuba don a isa da rana tsaka, tsarabar alkaki da dambun nama kuma a saye ta tun jajibirin tafiyar.