Shagon Littattafan Wani Dattijo a Aboabo, da Ranar da Na Kai Masa Ɗan Ƙanwata

Na fi shekara goma ina sayen littattafai a wannan shago, amma sai bayan hutun da ya wuce na ga ya kamata in rubuta wani abu a kansa. Sunan mai shagon zan bar shi, don dattijo ne da ba ya son a riƙa yawo da sunansa a waya. Mu dai Alhaji muke ce masa. Ɗaki ɗaya ne a cikin Aboabo, unguwar zango a nan Kumasi ta ƙasar Ghana, ƙofar ƙarfe, benci biyu a waje, kusa da mai koko da ƙosai. In ka sauka daga pragya, wato babur mai ƙafa uku na haya, ka tambayi mai littattafan da ke da na Turanci a bayan shagonsa, yara ma za su nuna maka.

Gaban shagon irin wanda kowa ya sani ne a zango. Alƙur'ani na Warshu da na Hafsu, alluna a jingine, tawada a kwalba, carbi, turare. Sai ƙananan littattafan da muka taso da su, Ƙawa'idi da Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, mafi yawansu bugun Kano, takardar nan mai ɗan rawaya. Manyan masu bangon fata daga Misra da Beirut suke zuwa, suna can sama, sai an taka kujera. Abin da ya raba shagon da sauran na unguwa shi ne kantar da ke can ƙurya. Tsofaffin littattafan Turanci ne da Alhaji ke saye daga hannun ɗaliban jami'a in sun gama, da masu shimfiɗa kaya a ƙasa wajen Adum da Kejetia. Tarihi, falsafa, kimiyya, har da waɗanda marubutansu ba su yarda da addini ba sam. Ba ya ɓoye su, ba ya kuma talla da su.

Ɗan ƙanwata yana shekara ta biyu a jami'ar kimiyya da fasaha ta nan Kumasi. Yaro ne mai natsuwa, ya sauke Alƙur'ani kafin ya gama sakandare. Wata rana da daddare uwarsa ta kira ni tana kuka. Da na je, na tarar da shi zaune a bakin gado, ya ce mini: "Kawu, ni ban zagi kowa ba. Cewa na yi duk abin da muke yi gado ne. Da a gidan Asante aka haife ni da abin da kakanninsu suka bari nake bi, da a gidan Katolika ne da ina coci. To yaya zan ce ni nake tunani da kaina alhali tun ban san hannun damana ba aka zaɓar mini amsa? Sai mutum ya ajiye addini da al'ada tukuna sannan kansa ya zama nasa." Uwarsa ta riga ta aika a yi masa rubutun sha. Na ce ta ba ni kwana biyu.

Ranar Asabar bayan azahar na kai shi wurin Alhaji. Na yi haka ne don na san mutumin ba ya firgita da tambaya, kuma ba ya kai maganar mutane majalisa. Yaron ya maimaita abin da ya faɗa, murya ƙasa-ƙasa, yana jiran tsawa. Alhaji ya gyara tabaransa, wanda hannunsa ɗaya da zare aka ɗaure shi, ya tashi ya zaro wani siririn littafi, Larabci a shafi ɗaya, Turanci a ɗaya. Al-Munƙiz minad Dalal ne na Imam Gazali. Ya lashi yatsa, ya buɗe farko-farko, ya fara biyawa yana fassarawa da Hausa kalma-kalma irin ta karatun zaure. Wurin da Gazali ke cewa ya ga 'ya'yan Nasara ba sa tashi sai a Nasaranci, na Yahudu a Yahudanci, na Musulmi a Musulunci, wannan ya sa ya tashi neman abin da yake gaskiya ne da kansa da wanda aka gada kawai daga iyaye da malamai. Ina kallon fuskar yaron. Maganar da ya ɗauka tasa ce, sabuwa fil, ga ta a bakin malamin da ya rasu tun 1111.

Alhaji ya ci gaba. Gazali bai tsaya a gado ba, har idonsa ya tuhuma. Ido yana ganin inuwa a tsaye, bayan sa'a guda ka ga ta matsa. Yana ganin tauraro ƙarami kamar dinari, lissafi kuma ya nuna ya fi ƙasa girma. Kusan wata biyu ya yi cikin wannan hali na shakka. Daga baya, a 1095, ya bar kujerarsa ta koyarwa a Nizamiyya ta Bagadaza, ya bar daraja da albashi ya fita. Akwai kuma wata magana tasa da Alhaji ya juyo ya faɗa mini ni, ya ce in kai wa uwar yaron: mai bin abu ido rufe, ranar da ya gane cewa ido rufe yake bi, gilashin ya fashe ke nan, ba ya ɗinkuwa da liƙi, sai an narkar da shi a wuta an sake ƙera shi. Wato tilas da kuka ba za su mayar da yaron inda yake da ba.

Yaron bai miƙa wuya ba, kuma na ji daɗin haka. Ya karɓi littafin ya karanta ɓangaren Turancin, ya ɗago ya ce: "Baba Alhaji, amma shi da kansa ya ce ba hujja ce ta fitar da shi daga shakka ba, haske ne Allah Ya jefa masa a ƙirji. Wanda bai sami hasken ba fa?" Alhaji ya yi shiru na ɗan lokaci, ya ce: "Ɗana, ka sa yatsa a wurin da ya fi wuya. Ba zan ba ka amsar gaggawa ba. Karanta shi duka, ka dawo mu yi." Da wani ne da nan take ya ce yaro ya kafirta. Don wannan amsar kaɗai zan iya tura kowa wannan shago.

Daga nan ya ɗauko Ahalari, na yara, wanda ba ya kai kuɗin kwanon wake da shinkafa. Ya ce yaron ya biya layin farko da ka. Farkon abin da ya wajaba a kan baligi shi ne gyara imaninsa. Alhaji ya ce, da gado ya isa, me za a gyara? Malaman tauhidi irin su Sanusi sun daɗe suna jayayya a kan imanin muƙallidi, wanda ya karɓa ba tare da ya duba dalili ba, ko ya inganta ko bai inganta ba. Alƙur'ani kansa, a Baƙara aya ta 170, ya zargi masu cewa mu dai abin da muka tarar da iyayenmu a kai shi za mu bi. Duk mun haddace waɗannan muna yara, amma ba a taɓa tsayawa an nuna mana cewa da mu ma suke ba.

Sai ya shiga ƙurya ya fito da wani tsohon littafi mai naɗaɗɗen bango, na Kwasi Wiredu, masanin falsafar da aka haifa a nan Kumasi a 1931, ya rasu a 2022. Ya gaya wa yaron gaskiya cewa wannan ba ɗan ra'ayinsa ba ne. Wiredu ya soki al'adun gargajiya a kan danniyar manya, da jingina komai ga gaibu, da riƙe abin da zamaninsa ya wuce. Amma kuma shi ne ya nace cewa ɗan Afirka ya gwada kowane tunani da ya aro a cikin harshensa, ya ga ko zai tsaya da ƙafarsa. Ya yi wannan gwaji da shahararriyar maganar Dekat, Bafaranshen nan, ya nuna cewa a harshen Akan in ka ce abu yana wanzuwa to ka ce yana wani wuri ne. Muka gwada da Hausa a kan benci. Ina tunani, saboda haka ina nan. "Nan" ina? Yaron ya yi ta juya ta, ya koma "akwai ni", ya ce ba ta zauna masa daidai ba. Mun fi rabin sa'a a kan kalma biyu, har mai shayi ya sa baki. Dekat ɗin ma, da ya ce zai tuhumi komai a littafinsa na 1637, ƙa'idar farko da ya ajiye wa kansa ita ce ya bi dokoki da al'adun ƙasarsa, ya riƙe addinin da aka raine shi a ciki, kafin ya gama bincikensa.

Ra'ayina shi ne yaron ya yi kuskure a magani, amma ciwon da ya nuna gaskiya ne. Ina ɗan shekara tara na tambayi wani malaminmu na allo abin da ya sa Allah bai hana Iblis tun farko ba. Bulala ce ta amsa mini, har yau ina tuna shatarta a cinya. Shekaru da yawa ban sake tambayar komai ba. Muna cewa matambayi ba ya ɓata, amma a gidajenmu yaro mai tambaya shi ne mara kunya. A zangon nan an cire 'yan mata daga makaranta da sunan al'ada, an ci bashi don kayan biki da sunan kada a ji kunya, wanda ya ce don me sai a ce boko ya lalata shi. In yaro ya ga haka ya ce a zubar da tulun gaba ɗaya, ban ga laifinsa sosai ba.

Inda na rabu da shi shi ne babu mai tunani daga fili fetal. Da harshen uwarsa yake tambayar, da ƙwaƙwalwar da hadda ta wasa. Ƙin ƙarya da ya hana shi yin shiru ya ci gaba da abin da zuciyarsa ba ta natsu da shi ba, a ɗakin uwar nan da ke kuka ya koya. Kuma kalmomin da ya zo da su ranar farko, na san inda ya ji su, bidiyon wasu mutane ne na Amurka da Ingila a YouTube, har salon maganarsu ya ɗauko. In ya sauke na kakansa ya ɗora na wani ba tare da ya auna ba, wannan ma taƙalidi ne. Waɗanda suka fi girgiza al'ada a tarihinmu daga ciki suka yi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya caccaki malaman da ke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta tura mata malamai da ake kira jaji ƙauyuka suna koyar da mata. Da ayoyi da hadisan da kowa ya gada suka yi wannan faɗa.

Shagon yana da nasa aibu, kuma zan faɗa. Ba a rubuta farashi a jikin komai ba, sai ka tambaya, kuma na lura baƙo yakan biya fiye da ɗan unguwa. Wasu littattafan hoton na asali ne aka ɗinke. Na taɓa sayen labarin Hayyu bin Yaƙzan na Ibn Tufail, yaron da barewa ta raina a tsibiri, na kai tsakiya na tarar da shafi takwas babu. An canja mini, amma sai da na yi mako uku ina zarya. Da hunturu ƙura, da damina ƙurya tana warin danshi, in an ɗauke wuta kuma sai da fitilar waya za ka ga sunan littafi. Ranar Juma'a kada ka je kafin la'asar. Ana karɓar MoMo, wato tura kuɗi ta waya, sai dai a lambar ɗansa, in ba ya kusa sai ka jira.

Abu biyu sun fi damuna. Benci na maza ne. 'Yata in ta zo, a tsaye take zaɓa ta biya ta tafi, alhali tambayoyinta ba su gaza na ɗan'uwanta ba. Na yi wa Alhaji magana, ya ce zai sa kujera a ciki, har yanzu ban gani ba. Na biyu, babu ko takarda ɗaya ta Alhaji Umaru na Kete-Krachi, malamin da aka haifa a Kano, ya zauna Salaga, ya rasu a 1934, wanda ya yi waƙoƙi da Hausa da Larabci a kan zuwan Turawa da kan talauci. Namu ne na ƙasar nan, ya kalli zamaninsa da idonsa ya faɗi abin da ya gani, amma yaranmu ba su san sunansa ba. Littattafan Hausa na boko ma kaɗan ne ƙwarai.

Na biya kuɗin na Gazali, yaron ya zaro nasa ya sayi na Wiredu. Alhaji ya rage masa, ya ce in ya gama ya dawo da shi a musanya masa da wani. Ya koma makaranta da duka biyun a jaka. Uwarsa ta daina aiko da rubutu, ko da yake hankalinta bai gama kwanciya ba, nawa ma haka. Makon jiya ya turo mini hoton wani shafi da ya ja wa layi da jan biro, ya ce in tambayi Baba Alhaji ko yana da Faslul Maƙal na Ibn Rushd. Babu shi a shagon. Alhaji ya rubuta sunan a tsohon littafinsa na oda, ya ce mai kawo masa kaya daga Misra zai zo bayan Sallah.