Hattara da mai tallan "sabbin tayoyi" a WhatsApp, musamman masu a-kori-kura

Jama'ar Katsina da Daura, duk mai Hilux ko wata a-kori-kura da ke jan kaya a baya ya buɗe kunne. Akwai wani mutum da ke zagaya zaurukan WhatsApp da Facebook da tallan tayoyi, wai sababbi ne fil da ya kwaso a sari, kuɗinsu kusan rabin na kasuwa. Ba shi da shago. Sai ka tura masa kafin alƙalami, sannan ya ce ku haɗu a bakin tasha ko ya aiko yaro da su. Suna zuwa a naɗe cikin leda mai ƙyalli, baƙi wuluk, sai sheƙi suke yi. Tsofaffi ne aka yi wa wanka.

Wani ƙanin mahaifinmu ya faɗa hannunsa. Yana da Hilux da yake jan ƙaramar tirelar dawakai da ita, ya canza tayoyinsa duka wajen mutumin nan saboda tafiyar Daura. Bai kai Mashi ba ta baya ta tarwatse, tirela ta fara wutsil-wutsil da doki a ciki. Allah ya taƙaita, ba gudu yake yi ba.

Mai facin da ya cire tayar ne ya tona asirin. Ya ɗora yatsa a gefenta, inda aka rubuta DOT, ya ce, "Baba, shafa nan ka ji." Wurin lambobi huɗun ƙarshe ya yi sumul, ya ɗan lotsa, an goge na asali an buga wasu. Lambobin nan su ne ranar haihuwar taya: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, mako na 23 ke nan a 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana jan kunnen direbobi kan tayar da ta haura shekara 4, kamfanin Michelin kuwa cewa yake daga shekara 5 a riƙa duba ta duk shekara, in ta kai 10 a cire ko da zanenta bai ci ba. To wanda ya goge lambar, me kake jin yake ɓoyewa?

Sannan mai facin ya nuna masa zanen tayar. Da wuƙa mai zafi aka sake sassaƙa shi, layin ba daidai ba, wani wuri faɗi wani wuri siriri, can ƙasan ramin har waya ta leƙo. Ɗan tudun da kamfani ke bari a cikin zane, mai tsayin milimita 1.6, wanda ke nuna taya ta ƙare, an share shi ƙaƙaf. Bakin tayar da ke kama rim shi ma a lanƙwashe yake, alamar irin waɗanda ake cusa wa juna a kwantena don rage kuɗin dako. Ita gwamnati ma tuni ta sa tsofaffin tayoyin ƙananan motoci cikin kayan da Kwastam ta haramta shigowa da su.

Amma abin da ya fi ba ni haushi shi ne ƙaryar nauyi. Mai tallan ya rantse wa Baba cewa "ten filai" ne, wato masu ƙarfin rufi goma, na ɗaukar kaya. Babu LT a jikinsu, babu 10PR, babu Load Range E, alamomin da ake rubutawa a jikin tayar ɗaukar kaya. Taya ba ta ɓoye ƙarfinta, a rubuce yake. In ka ga 265/65R17 112S, wannan 112 ɗin na nufin kilo 1,120 kowace taya. Mai lamba 110 kilo 1,060 take ɗauka, mai 121 kuwa kilo 1,450. Buɗe ƙofar direba za ka ga takarda manne a jikin ginshiƙi, da girman taya da iskar da kamfani ya ce a sa. Kada ka sauka ƙasa da lambar da motarka ta zo da ita, ko wa ya rantse maka.

Mai yawo cikin gari da mota fayau zai iya daɗewa da irin wannan taya bai gane ba. Mai jan tirela ba ya samun wannan sa'ar. Kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela a kan maƙalin baya yake zama, wato tirela mai tan 2 tana danna gindin motarka da kilo 200 zuwa 300, ban da buhunan dusa da jarkokin ruwa da ke cikin bodi. Haɗa wannan da kwaltar Afrilu da rana tsaka. Taya na lanƙwasa tana miƙewa, zafi na taruwa a ciki, tsohuwar roba ta rabu da waya.

Ni dai a ganina gara ka sayi biyu na ƙwarai a shagon da ka san mai shi, ya rubuta maka rasit da lambar DOT ɗin kowace taya, ka ƙara biyu in hali ya yi. A yage ledar a gabanka kafin kuɗi su bar hannunka, ka tafi da mai facinka ya leƙa cikinta ko akwai tsohon faci.

Baba ya kira lambar mutumin, a kashe. Bayan kwana biyu sai ga tallan ya dawo da wani suna da wata lamba, hotunan dai su ne. Wanda ya riga ya tura masa kuɗi ya adana shaidar tiransifa da hirarsu, ya kai wa 'yan sanda, ya kuma sanar da hukumar SON mai kula da ingancin kaya. Wanda kuma ya riga ya ɗaura tayoyin, ya cire su kafin ya sake maƙala tirela.