Dillalan tsofaffin motocin gudu na Japan a Legas: me ake samu a hannunsu?

A Legas akwai wasu dillalai da sana'arsu ita ce nemo wa mutum tsohuwar motar gudu ta Japan. Wasunsu suna kewayen kasuwar motoci ta Berger, wasu kuma ko rumfa ba su da ita, sai WhatsApp da Instagram. Kai dai ka faɗi irin wadda kake so, ka ba da kafin alƙawari, su bazama, in ciniki ya faɗa su karɓi la'ada. Wajen sanin inda mota take ɓoye ba a kama ƙafarsu. Sun san gidan da aka lulluɓe wata Nissan 300ZX da tampol shekara da shekaru, sun san garejin da aka yasar da Toyota Celica saboda rigimar kuɗin gyara. A nan sun ci la'adarsu da halal. Inda suke kasawa wuri biyu ne: alƙawarin kawo mota kai tsaye daga gwanjon Japan, da kuma abin da suke nufi idan sun ce "mun duba ta, lafiya lau take".

Maganar gwanjon Japan ba ta da tsawo. Motocin da aka ƙera don cikin Japan sitiyarinsu a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, kuma dokar hanya ba ta yarda a yi wa mota mai sitiyari a dama rajista ba. Ga kuma dokar kwastam da ta hana shigo da tsohuwar mota in ta wuce iyakar shekaru daga lokacin ƙera ta; an daɗe a kan 15, daga baya aka rage zuwa 12. Tun Janairun 2017 aka haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka hanyar Kwatano ma ba mafita ba ce. Dillalin da ya ce zai sauke maka Nissan Skyline GT-R a tashar jiragen ruwa ta Tin Can ya kuma juya mata sitiyari, ka riƙe kuɗinka. A injinta, RB26, turbo biyun suna gefen hagu, daidai inda sandar sitiyari za ta bi, sai an yi yanka da walda a wurin da ran direba ya dogara da shi.

Abin da ya rage shi ne motocin da suka riga suka shigo tuntuni, yawanci ƙirar kasuwar Amurka masu sitiyari a hagu. A cikinsu, wadda ta fi sauƙin riƙewa ita ce Toyota Celica GT ta 2000 zuwa 2005, domin injinta 1ZZ-FE ne, irin na Corolla, kuma a kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo kayansa kamar ƙasa. Aibinta, na shekarun farko sukan sha baƙin mai saboda ringin fistin. Mazda Miata ta farko, mai fitilu masu ɗagowa, ita ce ta biyu, injinta ba ya wahalar da bakanike. Toyota Supra ta 1993 zuwa 1998 mai injin 2JZ kowa na sonta, shi ya sa kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin masu tambayarta. Mazda RX-7 kuwa, mai son zaman lafiya ya bar ta. Injinta ba mai fistin ba ne, mai juyawa ne, zafi sau ɗaya a gosilon gadar Third Mainland ya isa ya kashe shi, kuma masu iya buɗe shi a garin nan sai an tona.

Yanzu ga batun dubawa, wanda shi ne ainihin abin da ake biya. Yawancin dillalan na'urar karanta kwamfutar mota suke jonawa, su turo maka hoton allon babu matsala. To, soket ɗin da ake jona na'urar, mai suna OBD2, sai daga 1996 ya zama dole a Amurka. Nissan 300ZX ta 1991 ko Miata ta 1993 ba su da shi. Idan aka turo maka irin wannan hoton a kan motar waɗannan shekaru, a wata motar aka ɗauke shi.

Dubawa ta gaskiya a ƙarƙashi take farawa, a kan rami ko abin ɗaga mota, da tocila da sukundireba. Iskar teku da ruwan da ke kwanciya a Lekki da Ajah su ne manyan maƙiyan bodi a nan, ga kuma motocin da suka zo da tsatsarsu daga jihohin Amurka da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. A Miata, a danna ƙarfen da ke ƙasan ƙofa daidai gaban tayar baya. Akwai magudanar ruwan rufi a bayan kujeru, in ta toshe da datti ruwa yakan taru a wurin ya ci ƙarfen daga ciki, fenti na sheƙi a waje. A 300ZX mai rufin gilashi da ake cirewa, robar bakin rufin tana bushewa ta riƙa yoyo, kuma kwamfutar injin tana ƙasan kafet wajen ƙafar fasinja. A ɗaga kafet ɗin, a sa hanci. Warin danshi, kore a bakin wayoyi, ko busasshiyar laka a ƙarƙashin kujera da ramin safaya, duk alamar motar ta sha ruwa ce. Na'urar auna kaurin fenti ma ba tsada gare ta ba: fentin kamfani yakan tsaya tsakanin maikron (ma'aunin kaurin da na'urar ke nunawa) 80 zuwa 150, inda ya haura 300 fanel bita ya taɓa wurin. In babu na'ura, maganaɗisu a cikin ƙyalle ya wadatar, ba ya kama inda aka cike lotsa.

Injin kuma a same shi da sanyi. Dillali ya kira ka ya ce ya riga ya ɗumama ta, ka ɗage zuwa washegari da sassafe. Shuɗin hayaƙi a tashin farko ɓacewa yake yi da zarar inji ya yi zafi. A kwance filogi a auna matsin kowace silinda, bambancinsu kada ya wuce kashi 10 cikin 100. A RX-7 awo shida ake buƙata, uku ga kowane rota (abin da ke juyawa a madadin fistin, biyu ne a injin), kuma da na'ura ta musamman. A 300ZX tambaya ta farko ita ce yaushe aka canja tayimin bel. Ƙa'idarsa mil 60,000, in ya tsinke fistin zai daki bawul. Roba ce, zama ma yana cin ta, don haka motar da ta yi shekaru a ajiye ba a tuƙa ta gida sai an canja shi tare da famfon ruwa. Injin 300ZX ya cika gaban motar maƙil, wayoyinsa sun gasu da zafi, taɓawa kaɗan su karye, don haka kuɗin aikin hannu ya fi na sauran.

Kan takardu dillalan sun fi rauni, ko kuma sun fi iya kau da kai. Lambar shasi mai harafi da lamba 17 ta zama iri ɗaya a bakin gilashin gaba, a jikin ƙofar direba da kuma takardar kwastam. A bi lambar a Carfax, shafin intanet na tarihin motocin Amurka, nan za a ga ko daga gwanjon motocin haɗari ko na ambaliya ta fito. A kai takardar biyan kuɗin fito ofishin kwastam a tabbatar da ita, musamman ga mai niyyar hawa da motar zuwa Kaduna ko Kano, inda za a yi ta tambayarta a hanya. In motar gado ce, a tabbata duk magada sun sa hannu.

Hukuncinmu kan wannan hidima: a yi amfani da su wajen nema, a biya su la'adar nema, amma bakaniken da zai shiga ƙarƙashin motar ya zama naka, kai ka ɗauko shi, kai za ka biya shi. A rubuta a yarjejeniya cewa kafin alƙawari zai dawo idan awon matsi ko takardar kwastam suka gaza. Dillalan kirki suna yarda da wannan sharaɗi ba tare da jayayya ba. Bayan kuɗin saye kuma a ware na tayoyi huɗu, lagireto, robobin ruwa da na mai, da wanke tanki, domin fetur ɗin da ya daɗe a kwance yakan zama danƙo ya toshe nozul.