Injin Golf ɗinka ya fara shan baƙin mai: bora, siliba ko Beljiyam?

Motar da ke zaryar Gusau zuwa Talata Mafara da lodi, ga zafi ga ƙura, in ta fara hayaƙi mai shuɗi-shuɗi sau da yawa silinda ce ta ci. Canza ringi kawai ɓarnar kuɗi ne, don ramin ya riga ya zama kamar ƙwai, sabon ringi ba zai zauna ba. Injin Beljiyam kuwa sayen kifi ne a ruwa. Siliba, wato sa sabon bututun ƙarfe a cikin ramin silinda, a bar ta sai bulok ya tsage ko naman bangon ya ƙare.

Bora, wato yanke ramin silinda a ƙara masa faɗi, ita ce magana, in an samu mai hannu. Faɗin silindar Golf 3 mai inji 1.8 milimita 81 ne, kuma bulok ɗin baƙin ƙarfe ne, yana ɗaukar yanka. Fara sayen fistin mai ƙarin faɗin milimita 0.25 ko 0.50, ka kai wa mai bora ya auna, sannan ya yanka daidai da shi. Wanda ya ce zai yanka kafin fistin ya zo, ɗauke bulok ɗinka. Tazarar fistin da bango kusan milimita 0.03 ce. Ta matse, fistin ya kumbura da zafi ya kama. Ta yi yawa, ga ƙara da sassafe. A goge bangon har zanen gicciye ya fito, shi ke riƙe baƙin mai. Bakin ringin sama ya bar tazarar milimita 0.30 zuwa 0.40, kada bakunan su haɗa layi ɗaya. A wanke silinda da ruwan zafi da sabulu har farin ƙyalle ya fito tas, fetur ba ya fitar da garin dutsen guga.

Sai jabu. Kwalin kamfanonin fistin irin su Mahle ko Kolbenschmidt ba shaida ba ne, ana buga irinsa. Auna faɗin fistin da maikuromita (ma'aunin kauri) a gindinsa, gicciye da fil ɗin da ke riƙe shi: wani an rubuta masa 0.50 amma bai kai ba. Ɗora huɗun a sikeli ɗaya-ɗaya, na gaske nauyinsu kusan ɗaya, na jabu sai ka ga bambanci ƙiri-ƙiri, daga nan girgiza take farawa. Duba ramin ringi, in yana kartar farce mayar wa mai shago. Mai shagon da ya hana ka buɗe kwali ka auna, ya san abin da ya taka.

Bayan haɗi, kada a cika lodi ko a take mota sosai, a juye baƙin mai da filta a kilomita 1,000 na farko.