Ruwan Ceri da Ciwon Gawut: Abin da Ya Yi Mini da Abin da Bai Yi Ba

Ciwon gawut ba ya sallama. Za ka kwanta lafiya ƙalau, can tsakar dare ka farka ka tarar babban yatsan ƙafarka ya kumbura ya yi jawur, ya ɗauki zafi, ko zanin rufa ba ka yarda ya taɓa shi. Ni abin da ya fi ci mini rai shi ne salla. A sujada dole yatsun ƙafa su lanƙwashe, kuma daidai gaɓar da za ta lanƙwashe ɗin ita ce ciwon ya kama. Idan ya tashi, a kan kujera nake salla har ya lafa. Ga kuma sana'a: tuƙin babbar mota nake yi a jihar Mishigan ta Amurka, ƙafar da ke taka birki kuwa ita ce mai ciwon. Duk ranar da ya motsa, babu fita, babu kuɗi.

Asalin ciwon daga jini yake. Jiki na narkar da wani sinadari mai suna fiyurin, wanda ke cikin ƙwayoyin jikinmu da kuma abinci irin su hanta da ƙoda da jan nama da kifin sadin, ya mayar da shi yurik asid. Ƙoda ce ke tace shi ta fitar ta fitsari. Idan ya taru ya haura kimanin miligiram 6.8 a kowace desilita ta jini, sai ya soma daskarewa cikin gaɓa, ya zama 'yan tsinaye masu kaifi. Garkuwar jiki ta far musu, wannan faɗan shi ne kumburin da raɗaɗin. Gwajina na farko ya nuna sama da 9.

A Mishigan ba sai ka nemi labarin ceri ba, wato ƙaramin ɗan itacen nan ja mai ƙwallo ɗaya a ciki, shi zai same ka. Mafi yawan ceri mai tsami da ake nomawa a Amurka daga jihar nan yake fitowa, musamman arewa maso yammacinta, wajajen garin Traverse City, inda ake yin bikin ceri na ƙasa kowace shekara a farkon watan Yuli. Irin da suke nomawa sunansa Montmorency. Na sha kai kaya yankin a lokacin girbi, na tsaya na kalli yadda ake yi: wata na'ura ce ke kama gindin bishiyar ta girgiza ta, 'ya'yan su zubo kan shimfiɗar tamfol, nan take a juye su cikin manyan tankunan ruwan sanyi. Ba sa jure ajiya ko kaɗan, shi ya sa da wuya ka ga ɗanyen mai tsamin a kanti. Ko dai a daskarar da shi, ko a busar, ko a matse ruwansa. A wata rumfa ta bakin titi ne wata dattijuwa mai sayarwa ta ga ina ɗingishi da silifas a ƙafa ɗaya, ta tambaye ni ko gawut ne. Na ce shi ne. Ta ce mijinta ya daɗe yana shan ruwan ceri saboda shi, ta miƙo mini kwalba.

A lokacin an riga an ba ni ranar ganin likitan gaɓoɓi, amma layin na da tsawo, sai bayan wasu watanni. Wannan jiran ya ba ni damar gwada cerin shi kaɗai, ba tare da maganin rage yurik asid ba, kuma saboda haka ne nake jin ina da abin faɗa.

Na gwada shi ta fuskoki da dama. Ɗanyen ceri mai zaƙi, baƙi-baƙin nan da ake kira Bing, daɗinsa ba a magana, sai dai na 'yan makonni ne a shekara, kuma da tsada. Busasshe kuwa na daina saye da wuri, don idan ka juya bayan leda za ka ga yawanci an zuba masa sukari, wani har da ɗan mai, mai gawut kuma sukari ba abokinsa ba ne. Ƙwayoyin kafso na garin ceri sun fi sauƙin ɗauka a mota, amma ban ji komai a jikina ba da su, kuma kowane kamfani da abin da yake rubutawa a jikin robarsa, ba ka da hanyar kwatanta wannan da wancan.

Wanda na tsaya a kansa shi ne ruwan ceri mai tsami da aka kaurara, wanda ba a sa masa sukari ba. Kauri gare shi, yana tafiya a hankali idan ka karkata kwalbar, launinsa ja ne mai duhu har ya kusa zama baƙi. Ana zuba cokali biyu na cin abinci, wato mililita 30, a kofin ruwa a motsa. Ɗanɗanonsa kamar zoɓon da aka dafa da yawa ba a sa masa sukari ba, tsamin yana kama gefen harshe ya sa ka runtse ido a kurɓar farko. Ba mamaki, domin sinadarin antosayanin da ke ba ceri launinsa dangin wanda ke cikin zoɓo ne, kuma shi ake kyautata zaton yana rage kumburi. Babbar kwalba, mai kusan lita ɗaya, takan kai wata guda idan sau ɗaya kake sha a rana, kuɗinta kuma lokacin da na fara saye tsakanin dala 20 da 30 ne. Da an buɗe sai firji. Kuma a kiyaye farar riga, don idan ya ɗiga, ya zauna.

Abu biyu sun dame ni da farko. Na ɗaya ciki: ceri na ɗauke da sobitol, wani nau'in zaƙi da hanji ba ya tsotsewa sosai, ya sa mini kumburin ciki da gudawa-gudawa lokacin da nake sha safe da yamma. Ga direba wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na koma sha sau ɗaya bayan cin abincin dare, sai ya daidaita. Na biyu zaƙi: ko ba a ƙara sukari ba, kofi guda na ɗauke da sukarin ɗan itacen kansa mai yawa. Mai ciwon suga ya yi hattara sosai, haka ma wanda ƙodarsa ta raunana, saboda sinadarin fotasiyam da ke cikinsa.

To, me na gani? A watannin da na yi ina shan sa shi kaɗai, ciwon ya tashi, amma bai kwantar da ni kamar da ba, ya kuma fi saurin sauka. Tsamin da gaɓar ke yi da asuba ya ragu, har nakan taka zuwa alwala ba tare da dafa bango ba. Barcina ma ya gyaru. Ceri mai tsami na da ɗan melatonin a ciki, sinadarin da ke taimaka wa barci. Na ji daɗin wannan ƙwarai, na kuma gode wa Allah. Amma a daidai wannan lokacin na rage lemon kwalba, na ƙara shan ruwa a hanya, don haka ba zan jingina wa ceri duka ladan ba.

Sai ranar gwaji ta zo. Yurik asid ɗina yana nan inda yake, sama da 9, ko gezau. Na ji ba daɗi, domin na sa rai. Likitar ta saurare ni har na gama, sannan ta ce ceri ba zai cutar da ni ba, in ina so in ci gaba, amma tsinayen da suka taru a gaɓa ba sa narkewa sai lambar ta sauko ƙasa da 6 ta zauna a can. Ta sa aka yi mini gwajin ƙwayar gado mai suna HLA-B*5801, wanda ake ba baƙar fata da mutanen kudu maso gabashin Asiya shawarar yi kafin su fara allopurinol, maganin rage yurik asid, saboda masu ɗauke da ita sun fi fuskantar mummunar illa a fata. Da ya fito lafiya, ta ɗora ni a kan miligiram 100, tana ƙarawa a hankali bayan kowane gwaji, tare da colchicine kaɗan, maganin hana kumburin gawut, na watannin farko, don fara maganin kansa yakan tayar da ciwon. Da haka lambar ta sauko ƙasa da 6. Tun da ta zauna a can, ban sake salla a kujera ba.

Abin da masu bincike suka samu ya yi daidai da wannan, shi ya sa na yarda da jikina. Maganar ta daɗe: tun 1950 wani mai suna Ludwig Blau ya wallafa rahoto a Tekzas kan mutum 12 masu gawut da suka ce sun samu sauƙi da cin ceri. Binciken da aka fi ambata shi ne na Jami'ar Boston a 2012, wanda Yuqing Zhang ya jagoranta. Sun bibiyi masu gawut 633, suka ga cewa cin ceri cikin kwana biyu na tafiya tare da raguwar haɗarin tashin ciwon da kashi 35 cikin ɗari, idan kuma an haɗa da allopurinol, kashi 75. Masu talla lambar farko suke ɗagawa. Ni ta biyun ce ta fi jan hankalina. Kuma binciken na tambaya da lura ne, ba a raba mutane gida biyu an ba wasu an hana wasu ba. Da aka yi gwajin raba mutanen rukuni-rukuni a Niyu Zilan, ƙarƙashin Farfesa Lisa Stamp, aka wallafa a 2020, mutum 50 sun sha ruwan ceri mai kauri ko na bogi har kwana 28, yurik asid ɗinsu bai sauka ba. A shekarar ce ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ta fitar da ƙa'idojinta na gawut, ta duba hujjojin ceri, ta ga ba su kai ta ba da umarni a kansa ba. Tun 2005 ma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta aika wa kamfanonin ceri takardun gargaɗi kan tallata shi a matsayin magani.

Ciwon gaɓoɓi kuma iri-iri ne, wannan na so a riƙe. Surukata ta zo mana ziyara da ciwon gwiwa irin na zaizayewar guringuntsi. Kullum da dare matata takan haɗa mata kofi. Bayan wani lokaci na tambaye ta, "Hajiya, kun ji wani sauƙi kuwa?" Ta ce, "Ɗan nan, Allah Ya yi albarka, amma gwiwa tana nan yadda na zo da ita." Abin da ya taimake ta shi ne motsa jikin da aka koya mata a asibiti. A wani gwaji da aka yi a Filadelfiya kan masu irin ciwonta, wanda aka wallafa a 2013, sauƙin da ruwan ceri ya kawo bai zarce na ruwan bogi ba ta yadda za a kafa hujja.

Abin da ya tunzura ni na rubuta wannan shi ne wayar da yayana ya yi mini daga Zariya. Bayan Babbar Salla ƙafarsa ta kumbura, ya ga ana tallar kafson ceri da aka shigo da shi, a kan kuɗin da ya isa cefanen gida na kwanaki. Ya ce ko in aiko masa da na asali. Na tambaye shi me yake sha yanzu, ya ce diclofenac, maganin kashe raɗaɗi, daga kemis, duk lokacin da ciwon ya motsa, shekara da shekaru. Gabana ya faɗi. Irin wannan magani idan aka daɗe a kansa yana cin ƙoda da tumbi, ƙodar da ta raunana kuma ta fi kasa fitar da yurik asid. Ga shi yana shan maganin hawan jini mai sa fitsari, wanda shi ma yana iya ɗaga lambar; wannan likita ne kaɗai zai duba ya canza masa, ba shi da kansa ba.

Na ce, "Yaya, ku yi haƙuri, ba zan aiko da kwalba ba tukuna. Ku fara zuwa a auna jinin, yurik asid da aikin ƙoda." Na roƙe shi ya sassauta wa hanta da kayan ciki da romon da ake ta sha kwanakin layya, ya ajiye lemon kwalba, ya yawaita ruwa, musamman tsakanin buɗa baki da sahur idan azumi ya zo. Ceri ba ya yi a ƙasarmu, bishiyarsa sai da sanyin hunturu mai tsawo take fure, don haka duk wanda zai kai Kano ko Zariya ya sha hanya da kuɗin dala a kansa, ba ka kuma san yadda aka adana shi ba. Allopurinol kuwa tsohon magani ne, tun shekarun 1960 ake amfani da shi, yana da araha, ana samun sa a gida.

Ni dai har yanzu akwai kwalbar ceri a firjina, kuma ina sha yawancin darare, domin yana kusa da ni, ina iya saye, ina kuma jin daɗin yadda nake tashi da safe. Wanda ke zaune inda ake samun sa cikin sauƙi, kuma likitansa bai hana ba, ya gwada mai kaurin da ba a sa wa sukari ba, ya karanta bayan kwalba ya tabbatar ba a gauraya shi da ruwan tufa ko na inabi ba. Masu ba yara ɗanye kuma su cire ƙwallon, kada a tauna shi, don cikinsa akwai sinadarin da ke zama guba idan an farfasa.

Yaya ya je ya yi gwajin da kuɗin da na tura. Lambarsa ta yi sama, ƙodarsa kuma ta fara nuna gajiya, likita ya dakatar da diclofenac ɗin nan take ya ɗora shi a kan ƙaramin awo na allopurinol, zai koma a sake aunawa wata mai zuwa.