Bututun naɗin ƙyalle ya lanƙwashe: a miƙe shi ko a sauya gaɓar?

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Na karanta tambayarka: jirginka na ruwa mai tafiya da iska, mai tsawon ƙafa 22, kuna sauke jigonsa, wato dogon sandan da ke ɗauke da ƙyalle, za ku ɗora shi a tirela, sai gangar naɗi, wadda ke juya bututu daga ƙasa, ta maƙale a goshin jirgi, bututun alminiyam da ƙyallen gaba yake naɗewa a jikinsa ya lanƙwashe kamar mita ɗaya sama da gangar. Kana son sanin ko a miƙe shi ko a sayi sabuwar gaɓa, tunda bututun gaɓa-gaɓa ne. Allah ya kiyaye gaba. Na yi duka biyun da hannuna, bari in jera maka su.

Kafin komai, kwantar da bututun a ƙasa ka tsuguna ta ƙarshensa, ka rufe ido ɗaya ka hango tsawonsa. Lanƙwasa iri biyu ce. Akwai wadda ta tafi a hankali kamar baka, ta bazu a tsawon kamu biyu ko uku. Akwai kuma wadda ta tsaya wuri guda kamar gwiwa, inda cikin lanƙwasar ya tattare, bayanta ya ja. Shafa wurin da yatsa. In ka ji ƙulli ko lotsawa, ko ka haska tocila ka ga fararen layuka sirara sun ratsa fatar ƙarfen, to gwiwa ce. Amsar tambayarka kusan duk a nan take.

Miƙewa ta baka ce. Ba ta cin kuɗi sai haƙuri da yini guda. Ka samu guntayen katako biyu masu taushi, ka fafe su daidai da siffar bututun, ka ɗora shi a kansu, doron lanƙwasar na kallon sama. Kafin ka danna, cusa wani abu a cikin tsagin da bakin ƙyalle yake bi, ko guntun igiya mai tauri ko sandar ƙarfe mai kaurin tsagin daidai. Wannan shi ne abin da mutane suka fi mantawa: bututu ya miƙe sumul, amma leɓen tsagin ya matse, ranar ɗaga ƙyalle ya tsaya a rabi, ba sama ba ƙasa. Sai ka danna da tafin hannu da nauyin jikinka, kaɗan-kaɗan, kana matsar da katakon, kana wuce miƙe da ɗan kaɗan domin ƙarfen yana dawowa da kansa. Bayan kowace dannawa ja zare daga wannan baki zuwa wancan ka duba. Kada ka nemi ya koma kamar sabo. Ɗan abin da ya rage, in aka ɗaure wayar goshi, wadda ta bi ta cikin bututun tana riƙe da jigo, ta yi tauri, yawanci ba ya hana aiki, alhali kowace lanƙwasa gaba da baya tana ƙara wa alminiyam tauri da saurin tsagewa.

Ina roƙonka kada ka kai shi wurin mai walda a gasa. Baƙin ƙarfe yana yin ja ya gaya maka ya yi zafi, alminiyam ba ya yi, yana nan da launinsa har ya narke wajen digiri 660 a ma'aunin Celsius. Kuma ƙarfin da aka ba shi a masana'anta da zafi aka ba shi, tun daga wajen digiri 200 yake fara zubewa. Wurin da aka gasa zai yi laushi, shi kuwa bututun nan aikinsa ɗaukar murɗa ne: in iska ta tsananta ka naɗe rabin ƙyalle, duk jan da sauran rabin yake yi a jikinsa yake sauka. Guduma ma haka, a ajiye ta.

Sauya gaɓa kuwa ta gwiwa ce, kuma a nan ba na sassauci. Na taɓa taya wani abokin aiki miƙe irin wannan, muna ta murna ya yi kyau a ido. Ba a yi wata biyu ba, ana cikin naɗi da iska mai ƙarfi, wurin ya tsage rabin zagaye. Ganga tana juyawa a ƙasa, sama ba ta motsi, ƙyalle yana ta kaɗawa kamar zai yage, bakin tsagar kuma yana gugar wayar da ke ciki. Da ƙyar muka sauke shi a kan ruwa.

Sa'ar da aka yi, bututun ba guda ɗaya ba ne, gaɓa-gaɓa ne aka haɗa da 'yan mahaɗai a ciki. Na kamfanin Profurl mita 2 ne kowace gaɓa, na Harken ƙafa 7, na Furlex mita 2.4, kuma siffar kowane kamfani daban, ta wannan ba ta shiga ta wancan. Saboda haka ka nemo sunan naka da lambarsa a jikin ganga kafin ka yi oda. Wahalar a wuri uku take. Kuɗi da jira, domin kaya mai tsawon mita biyu daga Turai ko Amurka zuwa Legas, ladan ɗauko shi na iya kamo kuɗinsa. Sannan sukurorin mahaɗi: ƙarfe ne marar tsatsa a cikin alminiyam, ruwan gishiri ya shiga tsakaninsu ya zama farin gari ya cije su, sai an jiƙa da man warware noti a bar shi ya kwana, wani lokaci sai an huda da diril. Na uku, gaɓar ba ta fita sai ta bakin waya, in kuwa kan wayar matse shi aka yi da inji kuma ya fi ramin bututu kauri, sai an yanke. Kan waya irin na kamfanin Sta-Lok kuwa ana kwance shi da sifana a mayar, da sabon ɗan mazugin ciki mai kama wayar.

In lanƙwasar ta faɗa daidai kan mahaɗi, duba da kyau, wataƙila mahaɗin ne kaɗai ya tanƙware, shi kuwa ƙarami ne mai araha.

Ko wace hanya ka bi, akwai abin da ya fi bututun muhimmanci: wayar da ke cikinsa. Ita ke riƙe da jigo ta gaba. Bututu in ya lalace ƙyalle ne zai ƙi naɗuwa, waya in ta tsinke jigo ne zai faɗo baya, inda mutane suke zaune. Wayar silli 19 ce da aka murɗe wuri ɗaya, kuma abin da ya tanƙwara alminiyam ya taɓa ta. Zare ta ka gani da idonka, musamman daidai wurin da ta sha lanƙwasa da kuma sama kusa da kan wayar. In ta karye kwana, ko sillayen sun buɗe kamar akurkin kaji, ko ka goga tsumma ya kama, a sauya ta, ba a miƙe waya. In ta haura shekara 10 tana shan gishiri, tunda an riga an kwance komai, ni dai sabuwa zan sa. Wannan ne ma ya sa nake ganin araha ta miƙewa ba ta kai yadda ake zato ba, domin mai miƙewa shi ne ya fi jin ƙyuyar zare waya.

Duk wannan na alminiyam ne. In naka na roba ne irin na kamfanin CDI, wanda ake yawan sa wa ƙananan jiragen tirela, guda ɗaya ne kuma a naɗe ma ake kawo shi. Shimfiɗa shi a rana a kan daɓe mai laushi, ka danne da katako, zafin ranarmu zai yi maka rabin aikin.

Yadda ka kwatanta, cewa gangar ta maƙale jigo yana sauka da nauyinsa, ina jin tsoron gwiwa ce. Turo hoton wurin daga kusa, ta gefen tsagi da ta baya, da wani daga nesa da zare a jikinsa. In ka gama gyara, kafin ka ta da jigo, zura majuyin sama, wato abin da ake ɗaura kan ƙyalle a jikinsa yana zamewa a kan bututu, tun daga ƙasa har ƙarshe, ka bi da guntun bakin ƙyalle a cikin tsagi, duka biyun su wuce ba tare da cijewa ba. Gaba kuma in za ku sauke jigo, mutum ɗaya ya riƙe ganga a hannu yana tafiya da ita, sannan a ɗaure bututun a jikin jigo duk bayan mita ɗaya, a tallafe abin da ya zarce gindin jigo da dogon katako kafin tirela ta hau titi.