Sharhi: Hayar Kwalekwale a Argungu, Abu na Huɗu a Jerin Burina

Ranar da na cika shekara 50 na ɗauki littafin da nake rubuta shirin darasi, na juya bayansa, na rubuta abubuwa 10 da ban taɓa yi ba kuma nake son in yi tun da sauran ƙarfi a jikina. Ba manyan abubuwa ba ne. Ukun farko na yi su: na hau doki ranar ƙaramar salla, na ziyarci hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a Gwandu, na kuma shiga jirgin sama daga Birnin Kebbi zuwa Abuja sau ɗaya. Abu na huɗu shi ne ya tsaya mini a rai fiye da shekara guda, wato shiga kwalekwale, domin ni haifaffen Birnin Kebbi ne amma tsoron ruwa nake yi kamar wanda ya tashi a tsakiyar hamada, kuma abokan aikina sun daɗe suna yi mini ba'a a kan haka.

Na zaɓi Argungu, kuma da gangan na ƙi zuwa lokacin bikin kamun kifi, saboda na san a cikin wannan cinkoso babu masuncin da zai sami lokacin lallashin matsoraci. Na tafi a watan Disamba, hunturu ya kankama, ruwan gulbi ya ja baya, manoman shinkafa sun fara jera injinan ban ruwa a fadama. Tafiyar daga Birnin Kebbi ba ta kai ta gajiyar da mutum ba, kusan awa guda ce a motar haya.

Wani ɗalibina na da ne ya haɗa ni da wani dattijo mai kwalekwale, wanda sana'arsa su ce, haya kuwa sai idan baƙo ya zo. Ciniki bai yi tsawo ba. Ya faɗi kuɗinsa, na rage kaɗan, muka daidaita a kan naira dubu 5 na zagayen awa ɗaya da rabi, kuma daga baya na ji kunyar ragin da na yi. Kwalekwalen na katako ne, tsoho, an toshe wasu wurare da tsumma da kwalta, akwai kuma ƙoƙon kwarfe ruwa a ajiye a ƙasansa. Ganin ƙoƙon nan kaɗai ya kusa sa in ce a fasa.

Abin da ya hana ni fasawa shi ne yadda dattijon ya karɓe ni. Bai yi dariya ba, ko da yake yaran da ke wanka a bakin ruwa sun yi. Ya riƙe gefen jirgin da hannu ɗaya ya ce, "Malam, zamna tsakiya, kada ka riƙe gefe, kuma in ya karkata kada ka yi gardama da shi." Na ce, "To, Baba." Minti 10 na farko ban ga komai ba sai ƙafafuna. Da ya lura da haka sai ya bar filafili ya koma tura jirgin da doguwar sanda a gefen da ruwa bai da zurfi, yana nuna mini inda sandar ke taɓa ƙasa, har numfashina ya daidaita, sannan ya karkata zuwa tsakiyar gulbi ba tare da ya sanar da ni ba.

Daga nan ne kuɗina ya fara biyan kansa, domin mutumin ya san ruwan nan kamar tsakar gidansa. Ya nuna mini inda tarwaɗa ke kwanciya, da inda ake samun karfasa da ragon ruwa, ya kuma bayyana mini yadda masunci ke kwanciya a kan gora yana iyo, homa a hannunsa, idan ya kama kifi ya jefa shi cikin goran ta bakinsa. Da muka doshi Matan Fada, inda ake gasar kamun kifi, sai ya rage murya, ya ce nan ba a taɓa kifinsa sai lokacin biki, kuma Sarkin Ruwa ne ke kula da wannan doka. A nan na gane dalilin da ake fito da giwan ruwa mai nauyin babban mutum a ranar gasa: an bar kifin ya huta ne tsawon lokaci kafin a harba bindiga dubban masunta su faɗa ruwa a tare.

Tarihin bikin na san shi tun daga aji, tun da ina koyar da shi. A 1934 ne Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabawa, aka shirya masa kamun kifi don girmamawa, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa. Amma duk shekarun da na yi ina rubuta wannan a allo ban taɓa sanin cewa wurin, idan babu biki, shiru yake kamar makabarta ba, sai kukan tsuntsaye da ƙarar injin ban ruwa daga nesa. Gani ya kori ji. Dattijon ya yi mini bayanin kabanci, wato wasannin ruwa na Kabawa irin su tseren kwalekwale, da kamun agwagwar ruwa, da kamun kifi da hannu, ya kuma ce shekarun da aka yi ba a gudanar da bikin ba, kafin a dawo da shi a 2020, sun taɓa aljihun kowa a garin, daga mai jirgi har mai tuyar kifi.

Sai dai akwai aibi guda wanda ba zan ɓoye ba don ina jin daɗin mutumin. Babu rigar kariya ko ɗaya a jirgin. Da na tambaya sai ya ce shi Bakabe ne, idan na faɗa zai tsamo ni kafin in sha ruwa sau biyu. Na yarda zai iya, amma wannan amsa ba ta gamsar da ni ba, musamman a jihar da ba ta manta da hatsarin jirgin ruwan da ya auku kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021 ba, inda aka rasa rayuka masu yawa. Iyon mai jirgi zai ceci fasinja ɗaya, ba zai ceci biyar ba. Wanda zai je da iyali, musamman da ƙananan yara, ya nemi rigar ya tafi da ita, in bai samu ba ya tsaya a bakin ruwa ya yi kallo. Haka kuma babu wurin zama mai kyau, katako ne kawai a gicciye, kuma na sauka wandona a jiƙe har gwiwa, don haka kada a sa manyan kaya kamar yadda na yi, a kuma ƙulle waya cikin leda.

Bayan na sauka na biya gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da sarakunan Argungu suka zauna har zuwa 1942 kafin a buɗe ta ga masu ziyara a 1958, na ga tsofaffin makamai da tambura da kayan su. Ya dace a haɗa ziyarar biyu a rana ɗaya, kuma a fara da ruwa da safe kafin iska ta taso.

Da zan yi sallama na mayar wa dattijon ragin da na yi masa, na ƙara da kuɗin da na ce na rigar kariya ne. Ya karɓa ya yi godiya, ya ce sai ranar kasuwa. Na ja layi a kan abu na huɗu a cikin mota. Na biyar shi ne kallon bikin Uhola a Zuru, na shida kuma Rigata a Yauri, wanda shi ma ruwa ne, kuma ruwan Neja ya fi na Argungu faɗi nesa ba kusa ba.